Ranar da Na Turo Saurayina da Ƙafa

Masu cewa na yi rashin kunya, na ga saƙonninku. Masu cewa na burge su, ku ma na gani. To ku gyara zama in ba ku yadda aka yi tun daga tushe, domin wanda ya kalli ɗan bidiyon nan da ke yawo ƙarshen zance kawai ya tarar.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Wendyam Nikiema, a unguwar Tangin nake a nan Wagadugu, aikina haɗa wutar sola a gidajen mutane. A gefe ina da shafi inda nake gwada babura in gaya wa mata 'yan uwana gaskiyarsu. Mai nemana kuwa Lasina Pare ne, ɗan Samo, mai tsaron shagon babura a bakin kasuwar Sankaryare. Shagon na yayansa Drisa ne, wanda ke zaune a Lome yana turo kaya, kuma Lasina bai taɓa ce masa a'a ba tunda aka haife shi. Mu Mosi da 'yan Samo abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Mu ce bayinmu ne, su ce mu ne nasu, kuma duk abin da baki ya furta a tsakaninmu ba a fushi.

Wata la'asar ya shigo gidanmu yana tura wani ɗan babur mai caji, kore shar, ko ledar sirdin ba a ɓare ba. Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwo.

"Ina baiwata?" ya ce. "Fito ki yi godiya, ubangidanki ya kawo miki abin hawa."

"Wa ya bar ƙofa a buɗe har ɗan Samo ya shigo?" na ce daga ɗaki. "Inna, a ɗaure karen maƙwabta, kar a nema a rasa."

"Karenku duk ƙashi ne, kamar tuwonku."

Inna ta yi dariya har muciya ta kusa suɓuce mata. Na fito da zanen gida da tsohuwar riga mai tabon man inji, shi kuma yana ta ƙamshi cikin farar shadda. Ya miƙo min makulli, amma bai kalle ni ido cikin ido ba. A lokacin na ɗauka kunyar Inna ce.

"Sabon kaya ne, sunansa Tsattsewa," ya ce. "Ki gwada shi yadda kika saba gwada na mutane."

Zan fara da alherinsa, don ni ko ƙarfe ba na cin haƙƙinsa. Tsattsewa ba ta da nauyi, yarinya ma za ta iya ɗora ta a kan tsayuwarta. Ba ta da ƙara, sai dai ki ji iska a kunne. Birkin gaba yana kamawa da kyau, sirdin da taushi, kwandon gaba yana ɗaukar cefanen gida guda. Fitilar kam sai a hankali, ba ta fi aci-balbal ba, kuma idan kika sauka daga kwalta kika hau jar ƙasa, kowane rami sai ƙugunki ya san da shi. Amma a kuɗinta, wanda mai sayar da tumatir za ta iya haɗawa da kwasar adashe ɗaya, ban ga abin ƙorafi ba. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe: kilomita sittin a caji ɗaya.

Ranar Lahadi na cika ta fal, na ɗaura sabon zanena na koko dunda, na sa hular kwano, na nufi Lumbila sayen ganye a bakin dam. Zuwa da dawowa bai wuce arba'in ba. Na je lafiya. Na ɗaure kabeji da albasa a baya, na juyo. Ban yi nisa ba na ji ta fara ja da baya kamar jakin da ya hango gada. Na murɗa totur, ta yi wani ɗan nishi, allon gabanta ya ɗauke. Kilomita ashirin da biyar, jama'a. Ko rabin alƙawarin bai cika ba.

Na turo ta a tsakar rana, gumi yana bin bayana, motocin Ziniyare suna wucewa suna min hon. Sai da wata mata mai kwandon kaji a bayan babur ta tausaya min, ta sa ƙafarta ta dama a matakin bayana, ta turo ni har cikin gari yadda muke yi wa juna. Ko sunanta ban tambaya ba.

Ina isa gida na tarar da saƙo a waya daga Tanti Rasmata, wata mai sayar da kayan miya da ta daɗe tana bin shafina:

"'Yata, na ga hoton koren babur ɗin nan. Kwasata ta adashe ta kusa. Kullum sai na je Lumbila sari. In saya? Abin da kika ce shi zan yi."

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Ba ita kaɗai ba ce, irinsa sun fi a ƙirga.

Na ɗauko sukudireba na buɗe ƙarƙashin sirdi. Akwatin batir babba ne, amma abin da ke ciki ƙananan batiran darma ne guda huɗu, an cusa soso a gefe da gefe don kada su yi ƙaraurawa. Gida na mutum goma, an zaunar da yara huɗu.

Lasina na fara nema, kada wani ya ce na yi masa shigo-shigo ba zurfi. Na tura masa hoton, na rubuta: "Ba wasa nake ba. Babur ɗinku ba ya kai abin da aka rubuta. Mata za su saya su tsaya a daji."

Ya karanta. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga amsa: "Nauyin tuwon Mosi ne ya kashe shi." Da hoton fuska mai dariya.

Raina ya ɓaci. Wannan wasa namu abu ne mai daɗi, amma ran nan na ga ashe mutum zai iya shiga cikinsa ya ɓuya kamar ɓera a rumbu.

Ana haka Gwaggo Nopoko ta iso daga ƙauye. Yayar Baba ce, kuma a wajenmu maganar auren 'ya a hannun gwaggo take, uba sai dai ya sa albarka. Ta zo ne shirin gaisuwar iyaye, domin dangin Lasina za su je gidan kakanninmu, can gaba da Lumbila, su gaishe da manya su nemi aurena. Ta tarar da ni zaune a tsakar gida, hanjin babur a baje a kan tabarma. Inna ta riga ta tsegunta mata.

"Wendyam," ta ce, tana gyara jan ɗankwalinta mai zanen tsuntsaye. "Na ji wai za ki hau waya ki ɓata kayan mijinki."

"Gwaggo, bai zama mijina ba tukuna. Kuma kayan ne suka ɓata kansu."

"Rufe min baki. Mace rufin asirin gida ce. Mutum ya ba ki kyauta, ki saka masa da tonon silili? Wane dangi ne zai ɗauki matar da ta fara da kashe musu kasuwa? Shekarunki nawa yanzu? Ƙannenki biyu suna goyo, ke kina goyon sifana."

"To matan da za su saya fa?"

"Ke kika haife su?" Ta nuna ni da yatsa. "Ban yarda 'yar ɗan'uwana ta buɗe baki ta kushe mai nemanta a bainar jama'a ba. Na gama magana."

Ba zan ɓoye muku ba, ina son Lasina. Ina son yadda yake cire takalmi tun daga zaure idan zai gaishe da Baba, da yadda yake ajiye min gasasshiyar masara a aljihu kamar ƙaramin yaro. Kuma maganar Gwaggo ba duka ce banza ba. Akwai haƙƙin wanda ya kyautata maka. Amma akwai na wanda ya amince da kai bai taɓa ganin fuskarka ba. Idan na yi shiru, asirin mutum ɗaya na rufa, na bar mata da yawa a rana da kwandunan tumatir. Idan na yi magana, ƙila in rasa mijin, in rasa Gwaggo. Na yi ta auna abin nan, sikelin ya ƙi tsayawa.

Na rubuta wa Tanti Rasmata kalma biyu: "Dakata tukuna." Sannan na yi abin da na saba yi idan kaina ya ɗaure, wato na kama aiki.

Na je wajen masu kayan sola na sayo sababbin ƙwayoyin batir na litiyom. Ku ji ni da kyau, sababbi. Kada wadda ta yarda a haɗa mata da tsofaffin da aka ciro daga matattun kwamfutoci, wannan gobara ce kike ajiyewa a ƙarƙashin zama. Na auna su ɗaya bayan ɗaya don ƙarfinsu ya zo daidai, na jera, na haɗa da walda, na tsaya a ƙarfin wutar da injin ya saba da shi don kada ya ƙone. Na sa ɗan allon nan mai gadi, wanda ke yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa. Na sa fis. Na naɗe, na zaunar a cikin akwatin nan da ya daɗe yana jiran baƙi. Tsohuwar cajar na jefa ta a kwali, domin ta darma ba ta zama da litiyom.

Gwaggo tana zaune a kujerar tsugunne tana tsince ganyen da za a yi faten babenda, tana kallona ta wutsiyar ido.

"In ya fashe, ki fashe ke kaɗai," ta ce.

Bai fashe ba. Na hau na wuce Lumbila, na wuce ƙauyenmu, na taɓa Ziniyare na sha zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, a bakin tasha, na dawo Tangin, allon gaba yana nuna sauran caji. Babur ɗin ya ƙara sauƙi, a hawa ma ba ya nishi. Ashe Tsattsewa tsuntsuwar kirki ce, yunwa aka bar ta da ita.

A hanyar dawowa ne dabarar ta zo min. Gwaggo ta hana 'yar ɗan'uwanta kushe mai nemanta. Amma duk ƙasar nan babu gwaggon da ta isa ta hana 'yar Mosi zagin ɗan Samo.

Sai dai akwai matsala. Gaskiyar da aka faɗa cikin wasa, wasa ake ɗaukarta. Mutane za su yi dariya su je su saya. Dole wasan ya zo da shaidar da ido zai gani.

Na kafa waya a kan turmi, na tsaya kusa da babur, na ce:

"Ina bawana Lasina Pare, mai cin gyaɗa da ɓawonta? An ce min 'yan Samo ba su iya ƙirge ba, daga ashirin da biyar sai su yi tsalle su ce sittin. Ga batirin da na ciro, ga wanda na sa. To ranar Asabar za ku zo gaishe da iyayengijinku a ƙauyenmu, kilomita talatin ne kacal. Idan kai ɗa ne, ajiye mota, ɗauko sabuwar Tsattsewa daga shagonku yadda ta fito daga kwali, ka hau ka zo. In ka iso, ni baiwarka ce har abada."

Na saki bidiyon. Kafin tuwo ya nuna, waya ta ɗau zafi. 'Yan Samo suna ta rubuta "Kada ka ba mu kunya!" Mosi suna "A tanadar masa jaki!" Gwaggo ta sa aka kunna mata, ta kalla fuska a murtuke. Da aka zo wajen gyaɗa da ɓawo, na ga tana danne dariya.

"'Yar banza," ta ce. "Ta ƙofar baya kika bi min."

"Al'ada ce, Gwaggo."

"Na san al'ada ce, ni za ki koya wa? Amma in yaron nan ya yi zuciya ya fasa, ki nemi wata gwaggon."

Amsar Lasina a ƙarƙashin bidiyon gajeriya ce: "Ki tanadi ruwan wanke min ƙafa."

Ranar Asabar gidan kakanninmu ya cika. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawa, an dama zomkom a manyan ƙorai, kaji suna ta soyuwa. Na sha zanen saƙi na Faso Danfani mai ratsin shuɗi da fari, da ɗankunnen Inna na azurfa, an zaunar da ni a ɗaki da ƙawaye aka ce kada ko inuwata a gani.

Motoci biyu suka tsaya. Kawunnan Lasina suka fito da goro da rago, aka yi musu maraba da zagi, suka rama, aka ba su ruwa. Ta taga na ƙirga kawuna. Babu shi.

"Ina yaron?" in ji Baba.

Babban kawunsa ya sosa ƙeya. "Yana tafe. Mun wuce shi a hanya, ya ce kada mu tsaya."

Aka jira. Rana ta take. Zomkom ya fara kwanciya a gindin ƙwarya. Na ji wata tsohuwa tana cewa ai dama, wa zai jure irin wannan cin fuska. Gwaggo ta leƙo ɗakin ta yi min wani kallo da ya fi zagi ciwo.

Na miƙe, na tattare zanena, na ɗora hular kwano a kan ɗaurin da aka ɓata safiya ana kafa min.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo.

"Bawana ya ɓata, zan je nema."

Ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta tare. Sai ta matsa gefe. "Ki bi a hankali da zanen nan, aro ne."

Na same shi tsakanin dam da ƙauyenmu, ya ci daidai kilomitan da tawa ta ci ta mutu min. Babbar rigarsa ta shadda ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, ya saɓa hannayenta a kafaɗa, hula a kwando, yana tura Tsattsewa. Ba gida ya juya ba. Ƙauyenmu ya nufa. Wannan shi na fara dubawa, kuma a nan zuciyata ta sauka.

Na tsaya a gefensa shiru, tunda babur ɗin ba ya ƙara. Ya juyo.

"Nauyin gyaɗa ne?" na ce.

Ya yi dariya har ya dafa sirdi. "Baiwa, kin makara. Ubangidanki ya kusa narkewa."

"Hau."

Ya hau. Na koma bayansa ta hagu, na ɗage zane kaɗan, na kafa ƙafata ta dama a matakinsa, na murɗa totur. Batirina ya ɗauki babur biyu da mutum biyu bai ko yi tari ba. Haka muka shiga ƙauye, shi a gaba hannu a kan matacciyar Tsattsewa, ni a baya ƙafa a miƙe. Mata suka fito da guɗa, wata ƙawata ta ɗaga waya. Bidiyon da kuka gani kenan.

Tsakar gida ta kaure. Kawunnan Lasina suna rufe fuska da hula, namu suna tafi. Wani kawuna ya ce a ƙara musu kuɗin gaisuwa, tunda har da kuɗin turi. Lasina ya bari aka gama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Baba da Gwaggo.

"Iyayena," ya ce, "yanzu ba ɗan Samo ke magana ba, ɗanku ne. Abin da Wendyam ta faɗa gaskiya ne. Daga yau ba zan ƙara sayar da ko ɗaya da rubutun nan a jikinsa ba. Wadda ta riga ta saya ta dawo da shi, a sauya mata batir ko a mayar mata da kuɗinta. Kawu, kai ne shaida, kai za ka gaya wa Yaya Drisa a gabanka na faɗa."

Babban kawun ya gyara hula, sannan ya ce, "Na ji. Zan gaya masa."

Gwaggo ta ɗauki ƙwaryar zomkom ta juya da ludayi, ta miƙa wa Lasina da hannunta. Wanda ya san Gwaggo Nopoko ya san an gama magana.

"Sha, bawa," ta ce. "Mun ba ka ita. Amma ka sani, ba mu karɓar kayan da aka dawo da su."

Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, Gwaggo ta kira ni bayan rumbu. Na ɗauka faɗa ne. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan abin naki, yana kai mutum kasuwar Ziniyare ya dawo?" Na goya ta muka zaga gari, ta riƙe ƙuguna tana salati, jan ɗankwalinta yana kaɗawa.

Na rubuta wa Tanti Rasmata: "Ki saya, amma ki biyo ta wajena tukuna." Sannan na zauna a gindin ɗorawa ina murza ƙafata da ta yi tsami, ina jin kaina kamar sarauniya. Sai wani abu ya faɗo min: ranar da ya kawo kyautar, da yadda ya ƙi haɗa ido da ni. Na ɗauki waya.

"Tambaya ɗaya, ba wasa. Yaushe ka san batirin ba ya kaiwa?"

Alamar rubutu ta fito. Wannan karon ba ta ɓace ba.

"Tun kafin in ba ki. Na gaya wa Yaya, ya ce in rufe baki in sayar. Ni ban iya ƙetare maganarsa ba. Amma na san akwai baki ɗaya a garin nan da ba wanda ya isa ya rufe."

Na karanta, na sake karantawa. Wato duk kwanakin da na yi ina auna aurena da gaskiyata, shi ya ɗora ni a kan sikelin da hannunsa, ya koma gefe yana jira. Amma kuma shi ne ya hau babur ɗin da ya san zai mutu, cikin farar shadda, ya tura shi a rana zuwa ƙofar babana. Jarumi zan aura, ko matsoraci mai wayo? Ku da kuke da saurin yanke hukunci, ga shi nan, ku yanke.

Ni dai abin da na rubuta masa shi ne: "Yau na tura ka. Ranar da Yaya Drisa zai sauka daga Lome, da ƙafarka za ka shiga ka fuskance shi."

Ya amsa nan take: "Jibi yake tafe."